Agogon da Ke Komawa Farko

A shagunan masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a Ƙaura Namoda da garuruwan kewaye irin su Ɗan Isa, akan ga wani ɗan akwati maƙale tsakanin soket da firji. Idan wuta ta zo, ta janareta ce ko ta NEPA (sunan hukumar 1972 da ya ƙi barin bakin jama'a), akwatin ba ya sakinta nan take. Sai ya ƙirga kamar minti uku. In wutar ta ɗauke ta dawo kafin lokacin ya cika, sai ya watsar da ƙirgarsa ya faro daga farko. Injin firjin da aka katse yana cikin aiki yana buƙatar lokaci kafin matsin gas ɗinsa ya daidaita. Idan aka tilasta masa tashi, yakan ja wuta fiye da ƙima har ya ƙone, jarin mai shago ya bi shi.

Wannan dabara ta jiran shiru, wadda masana ke kira dibawuns, asalinta daga makunni ne. Duk lokacin da ƙarfe biyu suka haɗu a cikin makunni, ba sa zama lokaci guda. Sukan yi tsalle, su haɗu su rabu sau da yawa cikin 'yan kaso na dubu na daƙiƙa. Haka abin yake tun zamanin wayar tangaraho, wadda Samuel Morse ya aika saƙo da ita daga Washintan zuwa Baltimo a 1844. Sai dai a lokacin babu wanda ya damu, domin kunnen ma'aikaci ba ya kama tsallen. Matsalar ta bayyana ne da aka ƙera na'urori masu saurin da za su ƙirga kowane tsalle a matsayin dannawa dabam. Mutum ya danna sau ɗaya, na'ura ta rubuta biyar.

Maganin farko na kayan lantarki ne: a rage kaifin canjin wutar, sannan a bi da ita ta da'irar da Otto Schmitt ya ƙirƙiro a 1934, wadda ba ta sauya matsayi sai canjin ya yi ƙarfi sosai. Da ƙananan kwamfutoci suka yi araha, aikin ya koma cikin manhaja. Daga nan kuma ya tsallaka intanet. A 2009 John Hann ya yaɗa kalmar a tsakanin masu rubuta JavaScript. Mai neman “Zurmi” a waya yana danna haruffa biyar. Maimakon a aika tambaya biyar ta layin sadarwa mai rauni, sai a jira yatsa ya tsaya na kimanin sulusin daƙiƙa, a aika guda.

Wahalar gaske tana wurin maido da agogon farko, musamman a manhajar da ke gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. A ce wa'adi ya cika, agogo ya aika sanarwarsa, kuma a daidai wannan ƙiftawar ido sabon saƙo ya iso yana neman a sake ƙirga. An maido da agogo, amma tsohuwar sanarwa tana kan hanya, za ta isa ta sa a yi aiki kafin lokaci. Harshen Go na kamfanin Google, wanda ya fito a 2009, ya daɗe da wannan tarko, har sai fitowar Go 1.23 a Agustan 2024 aka tabbatar cewa tsohuwar sanarwa ba za ta iso ba bayan an maido da agogo. Shekara goma sha biyar ke nan, a kan abin da ake zato ƙarami ne.

Harsunan da ke gina manhaja bisa ayyuka, ba tare da canza abin da aka riga aka ajiye ba, sun bi wata hanya, kuma ita ce mafi tsafta. Erlang, wanda Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams suka fara a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1986 domin injinan tarho, kuma wanda aka gina WhatsApp a kansa, ba ya buƙatar maido da agogo. Aiki yakan zauna yana jiran saƙo na wani wa'adi. In saƙo ya zo, sai ya kira kansa da sabon saƙon a hannu, sabon jira ya fara. In wa'adi ya cika shiru, sai ya zartar da na ƙarshe. Babu agogo ɗaya da ayyuka biyu ke ja-in-ja a kansa, don haka babu tsohuwar sanarwar da za ta yi ɓatan kai.

Aibi ɗaya ya rage, kuma babu harshen da ya tsira daga gare shi: idan saƙonni ba su tsagaita ba, shirun da ake jira ba zai zo ba, aikin kuma ba zai taɓa gudana ba. Shi ya sa tarin kayan aiki irin su Lodash suka ƙara iyaka ta biyu, wadda in ta cika dole a zartar ko da hayaniya na ci gaba. Akwatin firji ba a yi masa wannan iyaka, domin tashin dole shi ne ainihin abin da aka sa shi ya hana. Ranar da wuta ta wuni tana zuwa tana komawa, injin zai tsira, ƙanƙara kuwa ta narke.