Kuran a Damagaram: tarihin waya da lissafinta

Wutar lantarki, wadda mutanen Damagaram suka fi sani da kuran, baƙuwa ce idan aka gwada ta da shekarun garin. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, dare na aci-bal-bal ne: ɗan kasko, lagwani da man gyaɗa. Yana kan gadon sarauta a 1881 lokacin da masana suka taru a birnin Faris suka tsayar da ma'aunai uku da kowane mai gyaran wuta a unguwar Zango ko Sabon Gari ke ambata yau, wato bolt, ampiya da om. Dukansu sunayen mutane ne. Na ukun, Georg Ohm, malamin makaranta ne Bajamushe da ya wallafa ƙa'idarsa a 1827.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, ampiya yawan wutar da ke gudana, om kuwa turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa wannan gudu. A raba bolt da ampiya, a sami om. A ninka bolt da ampiya, a sami wat, wato aikin da wutar ke yi. Gidajen Nijar bolt 220 ake ba su. Dutsen guga da ke jan ampiya 5 ke nan turjiyarsa om 44 ce, cinsa kuma wat 1,100. Mitar da aka ɗaure a kan ampiya 15 iyakarta wat 3,300, shi ya sa in mai guga ya jona dutse uku, uwargida ta ƙara da abin dafa ruwa, sai makunnin mita ya faɗi, gida ya yi duhu.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita hedikwatar ƙasar daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Wayar da ta fara ratsa dajin ta tangaraho ce, mai ɗaukar saƙon gwamnati, ba haske ba. Da hasken ya zo, injin gazuwal ne ke bayar da shi, kuma ofisoshi da gidajen ma'aikata ne suka fara gani. Kamfanin NIGELEC, da aka kafa a 1968 ya gaji kamfanin SAFELEC, ya tarar da manyan garuruwa kowanne da injinsa, ba abin da ya haɗa su. Man kuma sai an ɗauko shi a mota daga nesa, don haka wutar ta yi tsada.

Mafita ta zo daga kudu. A 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, sannan a tsakiyar shekarun 1990 aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa, inda ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi Maraɗi, ɗaya ya yi Damagaram. Dukansu bolt 132,000 suke ɗauka, kuma dalilin wannan adadi mai ban tsoro yana cikin lissafin nan na dutsen guga. Waya komai kyanta tana da turjiya, kuma tsawonta na ƙaruwa turjiyar na ƙaruwa. Abin da ke salwanta a hanya, ya zama zafi, daidai yake da ampiya sau ampiya sau om. In ampiya ta ninku biyu, asara ta ninku huɗu. Da yake 132,000 ya ninka 220 sau 600, wutar da ake son isarwa za ta bi wayar da ampiyar da ta ragu sau 600, asarar kuma ta ragu sau 360,000. Ba don haka ba, da wutar Katsina ta ƙare wajen ɗumama waya tun kafin ta ƙetare iyaka.

Duk da haka, zama a ƙarshen layi yana da nasa haraji. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai intaha, kowane gida ya kunna fanka da firji, ampiya na hauhawa, bolt ɗin da ke isa unguwannin gefe kuma na raguwa. In ya sauko zuwa 180, dutsen gugar mai om 44 ba ya ba da fiye da wat 736. Wato bolt bai ragu da kashi ɗaya cikin biyar ba, amma sulusin zafin ya tafi. Injinan markaɗe da na firji sun fi shan wahala, domin su in turi ya yi ƙasa ƙara jan ampiya suke yi har naɗin wayarsu ya ƙone. Daga nan masu naɗin inji da fanka ke samun ciniki. Da yawansu a gaban maigida suka koyi aikin, ba a aji ba, amma za a ga yaro ya warware ƙonannen naɗi yana ƙirga zagaye, yana gwada kaurin jan ƙarfen da sabo, wanda lissafin turjiya ne da hannu.

Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a arewacin garin a 2011, tana da tashar wutarta, kuma an haɗa ta da layin Damagaram. Amma dogaro da kudu bai ƙare ba, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, sai a 2024 aka maido ta. Wannan yankewa ta ƙara wa faifan sola kasuwa, ta kuma juyo da tsohon lissafin ta wata fuska. Batirin sola galibi bolt 12 ne, saboda haka na'ura mai cin wat 120 ampiya 10 take ja, alhali a wutar gari da ƙyar ta wuce rabin ampiya. Siririyar wayar da ta ishi ɗaki a kan bolt 220, in aka ja ta daga batiri zuwa wancan gefen tsakar gida, sai ta ɗau zafi, ƙwai ya dushe. Shi ya sa ƙwararren mai haɗa sola ke ajiye batiri kusa da faifai, ya sayi waya mai kauri ko da mai gida yana ƙorafin kuɗinta.