Ƙiba Jiya da Yau

A da, a ƙasar Azawak, yamma da Agadas, ƙiba ado ce. Larabawa da wasu Buzaye sukan yi wa 'yan mata ɗuren nono da kunun gero, don a san gidansu da dukiya. Farin 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobi, nono ya yi wuya.

A 2014 aka sami zinariya a Cibarakaten, arewa da Agadas. Can abinci a mota yake zuwa, shinkafa da taliya da sukari. Mai haƙa yana ƙone abin da ya ci. Mai zaman rumfa kuwa tumbi yake ajiyewa, hawan jini da ciwon sukari suna biye. Shi ya sa yau likita yake cewa a rage.