Kufai ma littafi ne: abin da ƙasar Katsina take ɓoye da shi

In ka taɓa bin hanyar gona a Kuki, ko wani ƙauye tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya ba ka taka tsingaro ba. Wataƙila ma ka shure shi ka wuce. To, ga masu binciken kayan tarihi, wannan ɓallin tsohuwar tukunya shaida ce, musamman a kan zamanin da rubutu bai kai gare shi ba.

Ka ga, jerin sarakunan Katsina da muka gada sunaye ne da shekarun mulki. Ba su gaya maka inda talaka ya zauna, ko me ya noma, ko a ina ya samu ruwa. Shi ya sa wani reshe na wannan ilimi ya ɗauki yanki sukutum a matsayin abin nazari: duwatsu, fadamu, kufai, ragowar ganuwa, da tarin kashin maƙera inda aka narka tama. Mai bincike yakan yi watanni yana tafiya a ƙasa, yana zana taswira, kafin ya sa diga.

Mun san ƙasar nan tana da abin faɗa. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, akwai manyan tuddai da tarihin baka ya ce kusheyin sarakunan Durɓawa ne. Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fara tona su a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tona uku da kuɗin bincike daga Jamus, sannan a 2007 aka kai kayan birnin Mainz domin a tsabtace su a auna shekarunsu, daga baya aka dawo da su Najeriya. An samu 'yan kunnen zinariya, da wuri, da duwatsun ado na gilashi, da mundayen hauren giwa, da wata tasa da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Mafi tsufan kusheyin ya kai wajen ƙarni na 13 zuwa 14. Wato tun a lokacin, fatauci ya haɗa Katsina da duniya mai nisa.

Amma fa kushewar sarki ƙarshen labari ce. Su wa suka noma hatsin da ya ciyar da fadarsa? Yaya aka yi ƙauyuka suka zama birane? Amsar tana cikin ƙarnonin da suka gabata. A dutsen Dala na Kano, gwajin kabon ya nuna ana narka tama tun wajen ƙarni na 7. Tsakanin wannan da kusheyin Durɓi akwai shekara kusan 600 da ke jiran mai bincike.

Irin wannan aiki sau da yawa ɗaliban digiri na uku ne suke yin sa. Marigayi Yusufu Bala Usman ya zagaya garuruwan ƙasar Katsina yana tattara tarihin baka don digirinsa a Jami'ar Ahmadu Bello, aikin da ya zama littafi a 1981. Anne Haour kuwa ta yi nata a Jami'ar Oxford a kan Kufan Kanawa, kusa da Damagaram. Sai dai aikin na cin kuɗi: mota, ma'aikata, da gwajin kabon da galibi sai an aika waje. Ɗalibin da bai samu tallafi ba, a ɗakin karatu yake ƙarewa. Kuma wanda ya biya, shi yake zaɓen tambayar da za a yi wa ƙasa.

Yau akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga sashen koyar da wannan fanni a Zariya, ga asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin karatun malaman jami'a. Amma kufai ba ya jira. Garma na cin sa, masu ɗiban ƙasar gini na cin sa, rashin tsaro kuma ya hana masana shiga wurare da dama.

Don haka in ka san wani kufai a yankinku, kada ka tona, kada ka kwashe komai, domin kayan da aka raba da mazauninsa ya rasa rabin bayaninsa. Ɗauki hoto, ka tambayi dattawa sunan wurin da labarinsa, ka rubuta, ka sanar da gidan tarihi na Katsina.