Yadda Likitoci Suka Fara Tambayar Majinyaci: Kana Iya Cin Abinci?

A ranar 29 ga Janairun 1881, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likitan fiɗa Theodor Billroth ya yanke ƙasan tumbin wata mata mai shekara 43 da ciwon daji ya toshe wa hanyar abinci, ya ɗinke ragowar da bakin ƙaramin hanji. Kafin shi Jules Péan ya gwada a Faransa a 1879, Ludwik Rydygier ma ya gwada a 1880, amma majinyatansu ba su kai labari ba. Ita wannan baiwar Allah ta tashi har ta koma gida. Bayan wata huɗu cutar ta yi ajalinta. Duk da haka aka yi ta shelar nasara, domin ma'aunin wancan zamani ɗaya ne: mutum ya tsallake tiyata ko bai tsallake ba.

Yanka bai kai haɗi wuya ba. A 1885 Billroth ya fito da hanya ta biyu: a rufe bakin hanjin, a haɗa ragowar tumbi da hanji can gaba. Sai dai ruwan maɗaciya kan dawo sama ya ƙona ciki. Dabarar da ta rage wannan ta fito ne daga hannun César Roux na Lausanne a ƙasar Suwizalan, wanda a shekarun 1890 ya raba hanji ya haɗa shi kamar harafin Y, yadda ruwan zai haɗu da abinci can ƙasa. A 1897 kuma Carl Schlatter na Zurich ya cire wa wata mata tumbi ɗungurungum, majinyaciyar ta rayu sama da shekara.

To amma wace irin rayuwa ce bayan aikin? Masu ciwon daji ba sa daɗewa har a ji kokensu. Masu gyambon ciki, waɗanda aka riƙa yi wa irin wannan aiki suka kuma rayu shekara da shekaru, su ne suka ishi likitoci da ƙorafi. A 1913 Arthur Hertz ya bayyana abin da ke faruwa idan abinci ya zarce hanji babu birki: jiri, zufa, faɗuwar gaba da zawo jim kaɗan bayan an ci. Ga rama, ga ƙarancin jini, domin tumbi ne ke samar da sinadarin da jiki ke tsotsar bitamin B12 da shi. Sai a 1948 Hedley Visick na birnin York a Ingila ya kasa majinyata mataki-mataki gwargwadon yadda suke ji bayan tiyata. A ganina daga nan aka fara sauraron mai ciwon, ko da yake har lokacin likita ne ke ba da maki.

A 1952 Claude Hunt a Amurka ya naɗe hanji ya yi wata 'yar jaka a madadin tumbi, kuma har yau ana muhawara kan yawan amfaninta.

Japan ce ta sauya lissafin. Ciwon dajin tumbi ya yi mata katutu, don haka tun shekarun 1960 ta shiga gwajin jama'a da hoton ciki, aka riƙa kama ciwon tun yana ƙarami. Da majinyata suka fara daɗewa a duniya, dole aka koma tunanin abin da za a bar musu: a tsira da ƙofar ƙasan tumbi idan zai yiwu, a kiyaye jijiyoyi, a yi aiki ta ƙananan huji, kamar yadda Seigo Kitano ya ba da rahoto a 1994. Shekara guda kafin nan, ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai, EORTC, ta fitar da takardar tambayoyi 30 da majinyaci ke cikawa da kansa. Daga baya Japanawa suka tsara tasu mai tambayoyi 45, musamman don waɗanda aka yanke wa tumbi.

Hanyar Roux ce aka fi bi a yau idan an cire tumbi duka. Mai irin wannan aiki yakan ci kaɗan-kaɗan kamar sau shida a yini, ya raba ci da sha, ya yi kaffa-kaffa da kayan zaƙi, kuma zai ci gaba da karɓar B12 muddin ransa.