Musu

musu (suna, namiji). Jayayya ta fatar baki tsakanin mutane a kan wata mas'ala, wadda malamai ke kira jidali idan ta rasa hujja, munazara kuwa idan aka yi ta da adalci.

Musun ƙwallo: saɓanin magoya baya a kan wanda ya cancanci koci ya sa a fili, da irin dabarar da ya kamata a kai hari da ita. A gidajen kallo na Wara da Yelwan Yawuri, inda masunta da 'yan kasuwa ke haɗuwa bayan Isha'i, an sha irinsa a gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, yayin da kocin Najeriya na lokacin, José Peseiro, ya fifita Stanley Nwabali a kan Francis Uzoho a tsaron raga. Kuma ko da yake bugun fanareti biyun Afirka ta Kudu da Nwabali ya tare sun yanke hukunci a kan wannan musu, masu cewa kocin ya tsananta tsaron baya har ɗan wasan gaba Osimhen ya ƙare da ƙwallo ɗaya tak, hujjarsu tana da ƙarfi.

Misali: *Yaya, bar musun nan, an kusa take wasa.*