Littafin da Wuta Ba Ta Ci Ba

Kakata ba ta taɓa shiga lakol ba. Ko sunanta ka rubuta mata a takarda ba za ta gane shi ba. Amma ka ce mata, "Kaka, Zabura ta 23 fa?" ko tana tsakiyar damun fura ne za ta biya maka ita daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Ina yaro na ɗauka duk tsofaffi haka suke. Sai da na girma na fara tambayar kaina: mace da ba ta san baƙi ba, a garin da Kirista ba su da yawa, ina ta samo wannan? Amsar ta kai ni cikin tarihin Damagaram.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, suka maishe ta hedkwatar mulkinsu kafin su ƙaura zuwa Yamai a 1926. A tsakanin nan, a 1924, ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka buɗe tasharsu ta farko a ƙasar Nijar, nan Zinder. Daga baya ne aikin ya bazu yamma, Tsibiri kusa da Maraɗi, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950.

Garin da suka tarar ba baƙon karatu ba ne. Tun zamanin su Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, Damagaram gari ne na allo da tawada. Ko yanzu ka ratsa Birni ko Zango da asuba za ka ji almajirai suna tilawa, murya bisa murya. A nan, malami shi ne wanda karatu ke kansa. Wanda sai ya buɗe takarda kafin ya faɗi abu, to da sauransa. Ƴan tsirarun da suka karɓi bishara a cikin wannan iska suka tashi. Maƙwabcinka zai tambaye ka abin da littafinku ya ce, kuma kunya ce ka ce bari ka je gida ka duba.

Ga kuma ƙarancin littafin kansa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, fassarar da Likita Walter Miller na Zariya ya jagoranta, kuma da boko aka buga shi. A wannan gefen iyaka lakol ta gwamnati Faransanci take koyarwa, kuma yara kaɗan ke shiga, mata ma ba a magana. Sai ya zamana littafi ɗaya ne, mai karantawa ɗaya, masu saurare da yawa. Mafita ita ce hadda, kuma haddar a taro.

Kaka ta ba ni labarin yadda suke yi a Zumuntar Mata. Mai iya karatu ta faɗi rabin aya, duka su amsa. Ta maimaita, su amsa, har aya ta zauna. Mako mai zuwa kowa ta tashi ta biya, wadda ta kakare a ɗora mata, a yi dariya, a ci gaba. Bayan nan sai abin da fasto ke kira bimbini, ita kuwa Kaka tuƙa take ce masa. "Ɗan nan, ka taɓa ganin akuya ta haɗiye ciyawa ta ce ta gama? Sai ta kwanta ta maido ta." Wato a zauna a kan aya ɗaya, kowa ta faɗi inda ta taɓa ta: wannan kishiyar uwa ta kore ta daga gida don ta bi Almasihu, waccan ta binne ɗa a shekarar yunwa. Da sabuwar fassara ta zo wajajen 1980, Kaka ba ta sauya ko kalma ɗaya ba. Ana karanta sabuwa a majami'a, tana raɗa tsohuwa.

Ni dai duk wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ayar makarantar Lahadi don alewa nake haddace ta, Litinin ta gudu.

Sai ran Juma'a, 16 ga Janairu 2015. Kun san abin da ya faru, wasunku ma kun gani da ido. Zanga-zanga ta tashi a kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, wanda ya ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Kafin yamma an ƙona majami'u a Zinder, an ƙona cibiyar al'adun Faransa, an rasa rayuka. Washegari wutar ta kama Yamai. Mu maƙwabcinmu ne, Musulmi mai salla, ya shigar da mu ɗakin matarsa ya tsaya a bakin zaure, har dare ya yi aka kai mu barikin soja inda ɗaruruwan Kirista suka fake. Ba zan manta da shi ba.

Ba wanda ya fito da littafi. Da takalmi ɗaya ma wasu suka zo. Cikin dare yara na kuka, sai na ji Kaka ta fara Zabura ta 46 a hankali. Ta kai tsakiya muryarta ta shaƙe, wata tsohuwa daga can gefe ta ɗauka. Wani dattijo ya kawo farkon Yohanna sura 14, inda ya tsaya matarsa ta ƙarasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ba mai dukan littafin a kansa, amma da aka haɗa, abin da ya taru ya kai mu asuba. Ni kuwa, ɗan lakol mai iya Faransanci, ina zaune baki buɗe, ko aya uku cikakku ban iya kawowa ba.

An sake gina majami'u, an sayo sababbin littattafai. Yanzu ma kowannenmu yana da Littafi Mai Tsarki a salula, fassara biyu ko uku. Amma na lura, a taron matasa da an ce a biya aya sai ka ga kowa ya sunkuya yana latsawa. Abokaina Musulmi sun ce mini su ma malamansu na wannan kuka. Da caji ya ƙare, karatu ya ƙare.

Kaka ta rasu bara. Ba ta bar gona ba, ba ta bar zinari ba. Mu shida ne yanzu muke haɗuwa kowace Laraba da yamma, mu kife wayoyi a tabarma, ɗaya ya faɗa saura su amsa. Wata uku ke nan muna kan Zabura ta 46. Satin da ya wuce na kakare a aya ta tara, ƙanwata ta ɗora mini.