Tarihin Tiyatar Gyaran Fuska da Wuya ta Hanyar Dashen Nama

Wannan reshe ne na ilmin tiyata wanda ke cike giɓin da ciwon daji, ko ƙuna, ko harsashi, ko wata cuta mai cin nama ta bari a fuska da baki da maƙogwaro, ta hanyar ɗebo fata ko tsoka ko ƙashi daga wani sashe na jikin majinyacin kansa. Likitoci sun raba dashen gida biyu. Akwai siririyar fata da ake ɓarewa gaba ɗaya a shimfiɗa kan rauni, wadda ba ta iya rufe ƙashi tsirara ko rami mai zurfi. Akwai kuma yanki mai kauri da ake ɗaukowa tare da jijiyar da ke shayar da shi jini, kuma a kansa ne maganarmu za ta tsaya. Mas'alar da ta sha kan masana tun farko guda ce, wato yadda za a raba nama da mazauninsa ba tare da an raba shi da jininsa ba.

Mafi daɗewar bayanin da ya iso mana yana cikin littafin Sushruta, hakimin ƙasar Hindu da ya rayu ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Da yake yanke hanci uƙuba ce sananniya a can, masu neman a rufa musu asiri ba su yi ƙaranci ba, sai ya siffanta yadda ake auna giɓin da ganye, a yanko fata daidai girmansa daga kunci, a bar gefe ɗaya a manne, a juyo ta kan hancin. An yi wa littafin tarjama zuwa Larabci a zamanin Daular Abbasiyya, lokacin da Bagadaza ke tattara ilmin ɗibbu na al'ummai. A ƙarni na 15 iyalin Branca na tsibirin Sisili suka shahara da wannan sana'a, sannan Gaspare Tagliacozzi na Bolonya ya wallafa littafinsa a 1597, inda ya bayyana ɗebo fata daga dantse: a ɗinke ta a fuska alhali tana haɗe da hannun, a ɗaure hannun a ka na kimanin mako uku, har sai ta kama. Wanda ya taɓa kwana da hannu a danne zai fahimci abin da ya sa, bayan rasuwar Tagliacozzi a 1599, aka yi ta ja da baya daga hanyar har kusan shekara 200.

Abin da ya farfaɗo da ita wata wasiƙa ce da aka buga a mujallar Gentleman's Magazine ta Landan a watan Oktoba na 1794, mai ba da labarin Cowasjee, wani mai korar shanun rundunar Ingila a ƙasar Hindu, wanda mayaƙan Sarki Tipu suka kama suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Wanda ya gyara shi a kusa da Pune ba likitan makaranta ba ne, mai sana'ar hannu ne da ya gaji aikin. Ya ƙera hanci da kakin zuma, ya baje shi a goshi, ya zana kewayensa, ya yanke fatar ya bar ɗan siririn mahaɗi tsakanin gira biyu, ya murɗo ta ƙasa ya dasa, bai tsinke mahaɗin ba sai wajen kwana 25. Joseph Carpue ya jarraba haka a Landan a 1814, shekara 32 kafin bayyanar banju, wato maganin gusar da jin zafi lokacin tiyata, ya kuwa dace.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da wannan hikima fanni mai zaman kansa, domin sojan da ke cikin ramin yaƙi kansa ne kawai ke leƙowa, kuma ɓaraguzan bam ba su san sabo ba. A asibitin Sidcup da aka buɗe a 1917, Harold Gillies, mutumin Niyu Zilan, da abokan aikinsa sun yi wa sama da mutum 5,000 aiki. A nan ya yaɗa dabarar da Vladimir Filatov na Odessa shi ma ya gano a daidai wannan lokaci: a yanko fata mai tsawo a ƙirji ko ciki, a naɗe ta a ɗinke ta zama bututu, kawunanta biyu na manne, domin kada ɗanyen cikinta ya ruɓe a zamanin da babu penisilin. Bayan makonni a tsinke kai ɗaya a dasa shi gaba, wani lokaci a wuyan hannu, a jira, a sake ciyar da ɗayan gaba, har naman ya isa fuska zango-zango, kamar ayarin fatake. Aiki ne mai kyau ga saurayin soja wanda ke da shekara guda ta jira. Ga dattijon da aka cire wa rabin harshe saboda ciwon daji, wanda ba ya iya haɗiyar yawunsa, jinkirin azaba ne, kuma sau da yawa ajali kan riga kammalawa.

Maganin ya fito ne daga komawa ga ilmin tashrihi, wato sanin tsarin sassan jiki. Tun 1889 Carl Manchot ya zana taswirar jijiyoyin fata, amma masu tiyata ba su waiwaye ta ba, suna yanka bisa ƙiyasin tsawo da faɗi. Da aka gane cewa yankin da sananniyar jijiya ta ratsa tsakiyarsa yana iya yin tsawo ba tare da bakinsa ya mutu ba, sai al'amura suka yi sauri. Ian McGregor na Gilasgo ya shigar da fatar goshi cikin baki a 1963. Vahram Bakamjian ya ɗauko ta saman ƙirji zuwa kafaɗa ya gina maƙogwaro a 1965. A 1979 kuma Stephan Ariyan na Jami'ar Yale ya nuna cewa babbar tsokar ƙirji tana iya ɗauko fatar da ke kanta, a zuro ta ta ƙarƙashin fatar wuya, a gama cirewa da cikewa a zama ɗaya.

Saura tsinke mahaɗin da ke riƙe naman da mazauninsa baki ɗaya. A 1960 Julius Jacobson ya ɗinke ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, kuma a 1973 Daniel da Taylor suka ɗauke yankin fata daga matsematsi a Malbon, suka haɗa jijiyoyinsa da na ƙafa, ya rayu. Daga nan jiki duka ya zama ma'aji. Yang Guofan da abokansa a ƙasar Sin suka fito da fatar gaban hannu a 1981, mai laushi da ta dace da harshe. Song ya siffanta ta cinya a 1984. David Hidalgo na New York ya gina muƙamuƙi a 1989 da siririn ƙashin ƙwauri, wanda ake samun kimanin santimita 25 daga gare shi, a sassare shi a lanƙwasa, har a kafa masa haƙora, mai shi kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Jijiyoyin da ake haɗawa ba su wuce milimita 2 ko 3 ba, zaren kuwa ya fi gashi siranta. A manyan cibiyoyi fiye da kashi 95 cikin 100 na dashen yana kamawa, amma a ganina rabin yabon na ma'aikatan jinya ne, waɗanda a kwana ukun farko suke duba naman kowace sa'a, su taɓa ɗuminsa, su soka masa allura su ga ko jinin ja ne ko ya yi duhu, domin in jijiya ta toshe, sa'o'i kaɗan ne tsakanin ceto da asara.

Sabuwar hanya ba ta kashe tsohuwa ba, don har yau babu abin da ya kai fatar goshi wajen gina hanci. A ƙasar Hausa ma an san wannan fanni ta dalilin cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, mai farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓen yaron da tamowa ta raunana. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, yana amfani da yankin Bakamjian da makamantansa wajen rufe irin wannan giɓi, bayan an saki muƙamuƙin da tabo ya ɗaure. A watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Duk wanda ya ga dasashin yaro yana zubar da jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya fara kumbura, ya gaggauta kai shi asibiti a ranar, domin a wannan mataki magani da abinci mai gina jiki sun isa.